Asalin Ɗan Zongo: Abin da Takarda ta Riƙe da Abin da ta Zubar

A Zongon Kwatano, in saurayi ya aiko neman aure, kafin a tambayi sana'arsa gidansu ake fara tambaya. Ɗan gidan wa ne? Amsa takan zo da sauƙi har a kai kan kaka. Daga nan sai a faɗa cikin "an ce": an ce daga Katsina ya zo, an ce Bagobiri ne, an ce goro ya kawo shi, an ce soja ne ya yi ritaya ya zauna. Matasa da yawa yanzu ba su gamsu da "an ce" ba, suna son su ga takarda. Sun ji labarin cewa a Turai mutum yakan zauna gaban kwamfuta ya zaƙulo sunan kakan kakansa, da gidan da ya kwana, da sana'ar da ya yi. Kuma haka ne. A shekarar 2022 Ingila ta buɗe wa jama'a takardun ƙidayar 1921, Amurka ma ta buɗe na 1950, suna bi suna, gida bi gida.

Ɗan Zongo da ya shiga wannan nema da irin wannan tsammani zai sha mamaki. Takardu akwai su, amma ba don a tuna da kakanninmu aka rubuta su ba. An rubuta su ne don karɓar haraji, da ɗibar soja, da lissafin ma'aikata. Wanda ya san dalilin da ya sa aka rubuta kowace takarda, shi ne zai san inda za ta faɗa masa gaskiya da inda za ta yaudare shi.

Ƙofofin da aka shigo ta cikinsu

Sunan unguwar kansa shaida ne. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, bakin mutanen kudu ya mai da shi Zongo. Tun kafin zuwan Nasara, fataken goro daga Kano, Katsina da Sakkwato suna ratsa arewacin ƙasar da ake kira Benin yau, su bi ta Nikki, Paraku da Jugu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Cikinsu akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kansu a 1980. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, ciniki kuma ya fara gangarawa bakin teku inda jiragen ruwa suke.

A lokacin Kwatano ƙaramin wuri ne. Faransa ta kafa hujjarta a kansa da yarjejeniyoyin 1868 da 1878 na zamanin Sarki Glele, ɗansa Behanzin ya ƙi amincewa, aka gwabza a 1890 da kuma 1892 zuwa 1894. Cikin dakarun da suka yi wa Faransa wannan yaƙi akwai wata runduna da aka kafa a 1891, wadda suka laƙaba wa sunan Hausawa. Bayan yaƙi aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900, bai isa Paraku ba sai 1936. Da ya isa, sai kayan Nijar suka samu hanya: daga Gaya a haye kogi zuwa Malanbil, mota ta kai Paraku, jirgin ƙasa ya gangaro da su teku. A 1959 ƙasashen biyu suka haɗa hannu wajen tafiyar da layin, a 1965 kuma aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa.

Ga ƙofofi uku ke nan: fatauci, aikin soja, da hada-hadar layin dogo da tasha. Tambayar farko ga mai neman asali ita ce ta wace ƙofa kakansa ya shigo, domin kowace ƙofa inda take barin sawu daban. Soja yana da lamba, kuma littafin soja yakan rubuta sunan uwa da uba, garin haihuwa, tsayi, har da zanen fuska. Ma'aikacin layin dogo yana da fayil da takardar fansho. Falke kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ya sauka ne gidan maigida, maigidan ya san shi, gwamnati ba ta san shi ba sai ranar haraji.

A nan ma akwai tarko. Kalmar "Haoussa" a bakin Bafaranshe ba ƙabila kaɗai take nufi ba. Musulmi ɗan arewa mai babbar riga, ko Bazabarme ne, ko ɗan Dandi, ko Babarbare, ko Banufe, ko Buzu, duk yana iya faɗawa cikinta. Zongo ma haka take: tukunya ce da ke dafa baƙo har ya zama Bahaushe. Saboda haka ganin wannan kalma a gaban sunan kaka bai tabbatar da cewa daga Kano ya fito ba.

Littafin haraji

Takarda mafi tsufa da talakan Zongo zai iya fitowa a cikinta ita ce ta harajin kai, wanda Hausawan ƙasashen Faransa ke kira lanho. Ma'aikacin kwamanda yakan zauna da mai unguwa, a kira magidanta ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan maigida, da matansa, da 'ya'yansa, da barorinsa. Da wannan lissafi ake yanka haraji, da shi ake ɗibar samari aikin soja, da shi ake ɗibar mutane aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas ɗin.

To, wane mai hankali ne zai faɗi gaskiya duka a irin wannan zama? Wanda yake da 'ya'ya maza biyar sai ya nuna uku. Saurayin da ya isa haraji a ce yaro ne, wanda ya isa soja a ce ya tafi ƙauye. Almajirai da baƙin fatake kuwa, yau suna nan gobe ba su nan. Ke nan in ka samu sunan kakanka a littafin haraji, ka samu hujja mai ƙarfi cewa yana garin a wannan shekara. In ba ka samu ba, wannan bai nuna ba ya nan ba, wataƙila ya iya ɓuya ne kawai. Shekarun da aka rubuta masa kuma, ka riƙe su da hannu biyu, kada ka rantse a kansu.

Abin da ya tsira na irin waɗannan takardu, da rahotannin kwamandoji da shari'o'in kotunan gargajiya, wurin nemansu shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Porto-Novo, wanda aka kafa tun 1914. Takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma suna Dakar, na ma'aikatar mulkin mallaka kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Kada a raina shari'o'in kotu. Rigimar gado ko ta bashin goro takan tilasta wa shaidu su jero dangantaka tiryan-tiryan: wane ɗan wane, ƙanen wance, wanda ya zo daga gari kaza. Abin da mutum ya ɓoye wa mai haraji, da bakinsa yake faɗa wa alƙali in gida ake shirin ƙwace masa. Akwai kuma littafin da wani jami'in Faransa, Paul Marty, ya fitar a 1926 kan Musulunci a Dahome. Leƙen asiri ne ya haife shi, amma ya adana sunayen malamai da limamai na garuruwa da dama.

"Wajajen shekara kaza"

Mulkin Faransa ya raba mutane gida biyu: 'yan ƙasa masu cikakken 'yanci, da talakawan mulki. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta farko ta 'yan rukunin farko ce, wato Turawa da 'yan tsirarun da suka shiga rigarsu. Sai a 1933 aka yi dokar rajistar 'yan ƙasa baƙar fata a Afirka ta Yamma, ita ma ta fi kama ma'aikata, sojoji, sarakuna da mazauna manyan garuruwa. A 1950 aka faɗaɗa ta. Duk da haka, magidancin Zongo da ya yanka rago ranar suna, liman ya yi addu'a, maroƙi ya shelanta, wanzami ya yi aski, a wurinsa magana ta ƙare. Me zai kai shi ofis?

Ranar da takarda ta zama dole, ranar shiga makaranta ce, ko neman aiki, ko fasfon Makka. Sai a tafi kotu da shaidu biyu, alƙali ya ba da takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, wadda ake kira *jugement supplétif*. A cikinta ne ake samun kalmomin nan biyu da kusan kowane tsohon gida ya sani, *né vers*, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Mai bincike ya lura da ranaku biyu a jikin wannan takarda. Ranar da kotu ta zauna gaskiya ce tsantsa. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ne, sau da yawa ma ƙiyasi mai manufa: an rage wa yaro shekara biyu ko uku don makaranta ta karɓe shi. Da kwamfuta ta zo ta ce sai an ba ta rana da wata, sai aka cika mata da 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba. Wanda ya ga kakanninsa huɗu duk an haife su ranar 1 ga Janairu, ya san aikin ofis ne.

Sai maganar suna, wadda ta fi ɓatar da mutane. Akawun da ya riƙe alƙalami da kunnen Faransanci yake ji, sau da yawa kuma ba ya jin Hausa. Shu'aibu ya koma Chaïbou ko Souaïbou. Yusufu ya koma Issoufou ko Yessoufou. Sa'idu ya koma Séidou. Abubakar kuwa yana iya fitowa Aboubakar, Boubacar ko Boukari, alhali a gida Garba ake kiransa. Ƙari a kan haka, Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada. Sunan uba ake jingina wa ɗa, to da ofis ya nemi sunan dangi, sai kowa ya daskare a inda takarda ta same shi. Wa ya ɗauki sunan uba, ƙane ya ɗauki na kaka, ɗan baffansu ya ɗauki sunan gari ko na sana'a. Ciki ɗaya, suna uku. Dabara ita ce a rubuta kowane suna da duk siffofin da zai iya ɗauka kafin a buɗe rajista, a kuma haɗa da laƙabi, don mai yiwuwa ne sunan yanka bai taɓa shiga takarda ba.

Laƙabin ma kansa rajista ce ga wanda ya iya karanta ta. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Balarabe da Laraba ranar Laraba, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a. Azumi a watan azumi ta zo. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye. In takarda ta nuna Tanko ne ɗan fari, to akwai yayye mata da ba a rubuta ba, ko sun rasu da ƙuruciya, ko an aurar da su wani gari. Nemo su.

Auren da ba shi da takarda

A nan takarda ta fi yin shiru. Auren Zongo a zaure ko masallaci ake ɗaura shi: waliyyi, wakili, sadaki, shaidu, goro, fatiha. Dubban aure an ɗaura su haka ba tare da an ɗiga tawada ba. Dokar iyali ta Benin ta 2004 kuma ta ce auren da aka ɗaura gaban jami'in gwamnati kaɗai doka ta sani, mace ɗaya ga miji ɗaya. Saboda haka mai neman kakarsa a rajistar aure, sau da yawa zai dawo hannu rabbana.

Hanyar da ta fi ita ce ta 'ya'ya. Kowace takardar haihuwa tana ɗauke da sunan uwa. In aka tattara takardun 'ya'yan mutum ɗaya aka jera su bisa shekara, sai jerin matansa ya fito da kansa: wace ce uwargida, yaushe amarya ta shigo, yaushe sunan wata ya daina fitowa. Takardar gida ma tana taimakawa. Kwatano gari ne da aka yanka filayensa murabba'i-murabba'i, kowane da lambarsa, kuma takardar izinin zama a fili da takardun rabon gado sukan jero magada da iyayensu mata.

Wajibi ne a nace a kan wannan ɓangare, don asalin da ake faɗa a zaure na maza ne zalla. Falken da ya zo daga arewa sau da yawa shi kaɗai ya zo, a nan ya yi aure. Kakar wani Bayarabiya ce, ta wani 'yar Fon ce ko Gun da ta musulunta aka sauya mata suna. Wanda ya bi layin uba kaɗai ya yar da rabin jininsa, kuma rabin da ya yar shi ne wanda ya fi daɗewa a wannan ƙasa.

Ƙidaya ta san yawa, ba ta ba da suna

Dahome ta samu 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960, ta koma Benin a 1975. Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ta farko a 1979 aka yi ta, sai 1992, sai 2002, sai 2013 wadda ta samu mutum miliyan 10 da 'yan kai a ƙasar, 679,012 a Kwatano. Sunayen da aka ɗauka gida-gida sirri ne a doka, alƙaluma kaɗai ake bugawa. Kuma a cikin manyan rukunonin ƙabilu takwas da ake jerawa, irin su Fon, Aja, Yarbawa, Bariba, Dandi da Fulani, babu rukunin Hausawa. Amfanin ƙidaya ga mai neman asali shi ne ta nuna masa girman unguwa da yadda gari ya faɗaɗa. A lura kuma da sunayen unguwanni a takardun hukuma. Zongo tana cikin gunduma ta 5 daga gundumomi 13 na birnin, an kuma raba ta Zongo Nima da Zongo Ehuzu. Ehuzu kalmar Fon ce, taken juyin juya halin zamanin Mathieu Kérékou, saboda haka ba za a same ta a takardar da ta girmi wancan zamani ba.

Rajistar da ta ɗauki suna da hoto da zanen yatsa ita ce RAVIP, daga ƙarshen 2017 zuwa 2018, wadda hukumar ANIP ke riƙe da bayananta. Ita ce ta tona girman ramin: kimanin mutum miliyan 2 da rabi suka ce ba su da takardar haihuwa, sai da aka yi musu shiri na musamman.

Tawadar malam da bakin tsohuwa

Inda takardar gwamnati ta tsaya, akwai shaidu biyu da suka rage. Na farko gafakar malam. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko a gefen shafi, da Larabci ko ajami, da kwanan watan Hijira. Wannan ya fi *né vers* inganci nesa ba kusa ba, don a ranar aka rubuta shi, kuma ba wanda ake so a ruɗa. Juya shekarar ba wuya: a cire uku daga kowane ɗari, a ƙara 622. Shekarar 1350 ta Hijira, alal misali, ta faɗo a 1931 zuwa 1932. Wasiƙun fatake da littattafan bashi na masu gida su ma suna ɗauke da sunayen garuruwa da na abokan ciniki.

Na biyu tsofaffi, musamman mata, don su ne suka san wa ya sha nonon wa. Aikin rediyo ya koya mini cewa tambayar "a wace shekara?" ba ta buɗe bakin tsoho. Tambayar da ke buɗe shi ita ce "me ake ciki a lokacin?" In ta ce mahaifinta ya baro gida shekarar da Nasara suka ci Kano da Sakkwato, 1903 ke nan. In ta ce yunwar Kakalaba ce ta koro su, 1913 zuwa 1914. In ta ce tana goye da wane rana ta yi kusufi gari ya yi duhu, a duba 20 ga Mayu 1947, ranar da duhun ya bi bakin teku ta Akara, Lome da Ikko. A naɗi muryar a waya, a faɗi rana da sunan mai magana a farkon naɗin, kada a katse ta, kada a gyara mata. A tuna da kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, sai a nemi wata ta cike gurbin. A tambayi maƙwabta da abokan wasa, a saurari kirarin da maroƙa ke yi wa gidan, a duba zanen fuska a tsofaffin hotuna, don aska ba ta san rage shekara ba, kuma zanen Gobir daban da na Kabi.

Ƙa'idar ita ce ta alƙali: shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. In bakin tsohuwa da tawadar malam da takardar ofis suka haɗu a kan abu, an samu. In biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, a faɗi wa ya ce me. Wani lokaci kuma tono yakan fito da abin da ba a so, kamar a tarar kakan da ake cewa ɗan sarauta ne ashe bauta ya gudo wa, ya sami 'yanci a rigar soja ko a inuwar wani maigida. Wannan ba abin kunya ba ne, amma ba a kai shi dandali kafin a zauna da manyan gida.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, tunda kowa ya san kowa a unguwa? Tarihin zangonnin maƙwabta ya ba da amsa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, aka kwashi mutanen da a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. A 1977 aka tashi Zongon Lome daga tsakiyar gari aka mai da shi bayan gari. A 1983 Najeriya ta yi tata korar. A irin waɗannan ranaku, sanin da unguwa ta yi maka ba ya tsallake teburin jami'i. Ko ba a kai can ba, gadon gida, katin ɗan ƙasa, jarrabawar yaro da fasfon aikin hajji duk a kan takarda suke tsaye, kuma harafi ɗaya da ya bambanta sunan uba a takardun wa da ƙane ya isa ya tsayar da rabon gado shekara da shekaru.

Saboda haka aikin kashi biyu ne. Na baya, a tattara abin da ya rage tun masu bakin faɗa suna raye: a ɗauki hoton kowace takarda da ke cikin akwatin gida, a raba wa 'yan uwa kwafi, don damina da gara da gobara ba su san darajar takarda ba. Na gaba, a yi wa jariri rajista cikin wa'adin da doka ta ɗiba, a tsaya a ga yadda akawu ya rubuta sunan, a tabbatar ya dace da na yayyensa harafi da harafi. A bangon littafin gida kuma a rubuta abin da fom ɗin gwamnati ba shi da gurbinsa: sunan yanka da laƙabi, sunan uwa da na uwarta, da garin da aka taso kafin a sauka zango.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gane su.